Yadda za a ceci wanda ke tunanin kashe kansa: jagora ga iyaye, limamai da masu unguwanni a Gombe

Idan mutum ya kashe kansa a garuruwanmu, abin da aka saba yi shi ne a gaggauta yi masa sutura, a ce wa masu zuwa ta'aziyya gajeriyar rashin lafiya ce, sannan kowa ya kama bakinsa. Ana yin haka ne don rufa wa iyali asiri, kuma niyyar ba ta da laifi, amma abin da yake biyo baya shi ne lamarin ba ya shiga rajistar asibiti, ba ya zuwa gaban hukuma, maƙwabta kuma ba sa koyon abin da zai kare nasu 'ya'yan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 720,000 ne ke kashe kansu kowace shekara, kusan kashi 73 cikin ɗari daga cikinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma a shekarar 2021 wannan shi ne na uku a jerin abubuwan da suka fi kashe matasa 'yan shekara 15 zuwa 29. Abin da ya kai wannan yawa ya wuce a bar wa gida ɗaya ya ɓoye shi cikin kunya. Dole a tunkare shi yadda ake tunkarar kwalara ko sanƙarau, wato a san waɗanda ke cikin haɗari, a toshe hanyoyin da cutar ke bi, a kuma san tun da wuri wanda zai yi me idan abin ya taso.

Darasin da ke zuwa daga nesa

Mutanen da wannan masifa ta fi yi wa ɓarna a duniya sun haɗa da 'yan asalin ƙasashen da Turawa suka mamaye suka zauna. A Kanada, hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta gano cewa tsakanin 2011 da 2016 yawan kashe kai a cikin ƙabilun asali da ake kira al'ummomin farko ya ninka na sauran jama'a sau uku, a cikin ƙabilar Inuit ta yankin ƙanƙara kuwa ya ninka kusan sau tara. A watan Afrilun 2016 garin Attawapiskat, mai mutum kimanin 2,000, ya ayyana dokar ta-ɓaci bayan mutum 11 sun yi yunƙurin kashe kansu a dare ɗaya. A Ostireliya ma adadin a cikin 'yan asalin ƙasar ya haura ninki biyu na sauran jama'a. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: an ƙwace musu filaye, an raba yara da iyayensu aka kai su makarantun kwana inda ake dukansu idan sun yi yarensu (a Kanada sai cikin shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe), sannan talauci da giya da zaman banza suka ɗora a kai.

Abin da ya fi amfani a gare mu shi ne binciken da Michael Chandler da Christopher Lalonde suka wallafa a 1998 kan ƙabilun asali kusan 200 a lardin British Columbia. Sun ga cewa masifar ba ta rabu daidai ba ko kaɗan. A wasu garuruwan matasa suna mutuwa da yawa, a wasu kuma an yi shekaru ba a samu ko ɗaya ba, kuma garuruwan da suka tsira su ne waɗanda suke riƙe da al'amuransu a hannunsu: mulkin garinsu, makarantunsu, kiwon lafiyarsu, tsaronsu, fafutukar filayensu da wuraren raya al'adarsu. A Amurka, ƙabilar Apache ta White Mountain da ke jihar Arizona ta kafa doka cewa duk wanda ya ji labarin yunƙuri ya sanar da wata tawaga ta 'yan ƙabilar, su kuma su je har gida su bibiyi mutumin. Yawan mace-macen ya ragu da kashi 38 cikin ɗari idan aka kwatanta shekarun 2007 zuwa 2012 da na 2001 zuwa 2006.

Tarihinmu daban ne da nasu, kuma ba daidai ba ne a ɗauko alƙalumansu a jingina wa Tera ko Tangale ko Waja ko Bolawa ko Fulani. Sai dai a jihar Gombe muna da mutanen da rayuwa ta tumɓuke daga tushensu: waɗanda rikici ya koro daga Borno da Yobe suka zauna a cikinmu, makiyayin da aka kore masa garke a dare ɗaya ya wayi gari ba shanu ba suna, da saurayin da ya baro ƙauye ya zo Gombe tuƙa Keke Napep yana kwana a shago ba dangi kusa. Abin da za mu ɗauka daga waɗancan ƙabilu shi ne kariyar da ta yi aiki a hannun mutanen gari take, likita kuwa taimaka musu ya yi.

Gane wanda ke cikin haɗari

Yawancin masu wannan tunani suna nuna alama, sau da yawa ma da bakinsu. Za a ji mutum yana cewa ya gaji da duniya, ko gara a ce ba a haife shi ba, ko ya zame wa mutane kaya, ko kuma ya ce wa matarsa ta kusa hutawa da shi. Gaskiya ne cewa neman gafara da faɗin an gaji maganganu ne na yau da kullum a bakin Bahaushe, don haka abin lura shi ne abin da ya zo tare da su. Wanda ba tafiya zai yi ba, ba kuma jinya yake yi ba, amma ya bi 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya yana neman a yafe masa, ya biya ƙananan basussukan da ke kansa, ya ba ƙaninsa wayarsa, ya damƙa wa wani amanar 'ya'yansa, wannan ya kamata a zauna da shi a ranar. Haka nan wanda ya daina fitowa majalisa, ya daina zuwa jam'i ko coci, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ya bar kula da tsabtar jikinsa. Akwai kuma alamar da ke yaudarar iyali: mutum ya yi makonni cikin ƙunci, sai kwatsam a ga ya saki jiki ya natsu ba tare da matsalarsa ta warware ba. Wani lokaci wannan natsuwa ta wanda ya riga ya yanke shawara ce.

A ƙara sa ido idan wani abu mai nauyi ya faru kwanan nan, kamar saki, auren dole, bashin da mai shi ya matsa, gonar da ambaliya ko fari ya cinye bayan an ci bashin taki, faɗuwa jarrabawa, asarar jari a cacar waya, ko tonon asiri a Facebook da WhatsApp, wanda yake yi wa 'yan mata illa ƙwarai. Masu fama da ciwo mai tsawo irin su farfaɗiya, sikila, ƙanjamau da yoyon fitsari suna cikin waɗanda ya kamata a riƙa tambayar halin zuciyarsu. Mai jego da ta kasa barci, take yawan kuka, ta ƙi jaririnta ko take cewa ita ba uwar kirki ba ce, tana bukatar asibiti da gaggawa ko da tana goyon ciki a gaban mahaifiyarta. Shaye-shaye yana ƙara haɗari matuƙa domin yana cire wa mutum birki, kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi. Fiye da komai, wanda ya taɓa yin yunƙuri a baya shi ne ya fi kowa zama cikin haɗari, ko da an ɗauki yunƙurin nasa a matsayin barazana ko neman a kula shi. A duniya baki ɗaya mazan da ke mutuwa ta wannan hanya sun ninka mata fiye da sau biyu, kuma tarbiyyarmu da ta hana namiji kuka ko kai ƙara tana sa nasu ya fi wuyar ganewa.

Yin tambayar

Nan ne mafi yawanmu muke ja da baya, saboda tsoron kada ambaton abin ya cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi. An yi bincike da dama a kan wannan, kuma ba a samu cewa tambaya tana jawo tunanin ba. Abin da aka fi gani shi ne mutumin yana samun sauƙi da ya ji wani ya lura da shi har ya iya furta abin.

Kafin a yi tambayar sai a zaɓi wanda zai yi ta. A gidajenmu akwai kunya tsakanin uba da ɗan fari, tsakanin uwa da 'yarta ta fari, tsakanin suruki da suruka, kuma yaron da ba ya iya haɗa ido da mahaifinsa ba zai buɗe masa cikinsa ba. Al'ada ta riga ta tanadi waɗanda ake sakewa da su: kaka da jika, baffa ko kawu mai sauƙin kai, goggo, taubashi, aminin yarinta, ko malamar Islamiyya da yarinya ta yarda da ita. A samu wurin da ba kowa, ba a zaure mai shige da fice ba, a kashe waya, a zauna ƙasa tare da shi maimakon a tsaya a kansa. Baffa zai iya cewa: "Ɗana, kwana biyu na ga ka janye jiki, ko majalisa ba ka fitowa, jiya kuma na ji ka ce ka gaji da duniya. Zan tambaye ka wani abu, ba don in yi maka faɗa ba. Shin tunanin kashe kanka yana zuwa maka?" Dole a faɗi kalmar a fili. Idan aka kewaya aka ce ko yana tunanin wani abu marar kyau, zai ce babu komai, maganar ta mutu a nan.

Idan ya ce e, ko ya sunkuyar da kai ya yi shiru, aikin mai tambaya shi ne sauraro. Kada a yi salati da ƙarfi a dafe ƙirji, kada a ce masa ba shi da imani, kada a kawo masa labarin waɗanda suka fi shi shiga uku, kada kuma a rufe maganar da "ka yi haƙuri" tun bai gama ba. Haƙuri abu ne mai daraja, amma idan aka jefa wa mutum shi a minti na farko, abin da yake ji shi ne an ce ya yi shiru. A bar shi ya faɗi abin da ke cinsa, ko da zai ɗauki awa guda yana maimaita abu ɗaya. Daga nan sai a tambaye shi a hankali ko ya tsara yadda zai yi, ko ya sa lokaci, ko abin da zai yi amfani da shi yana hannunsa, da kuma ko ya taɓa gwadawa. Amsar waɗannan ita ce ke nuna girman gaggawar. Wanda ya tsara kuma ya tanadi abin ba a barinsa shi kaɗai ko na ɗan lokaci, dare da rana, har sai ya ga ma'aikacin lafiya.

Sau da yawa zai nemi a rantse ba za a gaya wa kowa ba. Kada a rantse. A ce masa: "Ba zan yaɗa maganarka ba, amma ranka ya fi sirrin nan, don haka ni da kai za mu zaɓi mutum ɗaya ko biyu da za su sani." Ba shi damar zaɓen yana rage masa jin an ci amanarsa.

Nisanta shi da abin da zai cutar da kansa

Wannan mataki shi ne wanda hujjarsa ta fi ƙarfi, kuma shi ne aka fi mantawa. Tsananin tunanin kashe kai yakan zo ne ya wuce. Da yawa daga waɗanda suka tsira sun bayyana cewa tsakanin yanke shawara da aikatawa bai wuce 'yan mintuna ko awa guda ba, sau da yawa bayan wata rigima a gida. Idan a wannan ɗan lokaci hannunsa bai kai ga abu mai kisa ba, akwai kyakkyawan zaton zai wayi gari da rai, kuma bincike ya nuna cewa kusan tara cikin goma na waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya.

A ƙasar noma irin tamu, babban abin tsoro shi ne maganin feshi da maganin ƙwari. Kusan ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da shi suke yi, mafi yawa a karkara. Ƙasar Siri Lanka ta haramta magungunan gona mafi guba daki-daki, kuma daga 1995 zuwa 2015 yawan kashe kai a can ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari, aka ƙiyasta an ceci rayuka kimanin 93,000, ba tare da amfanin gona ya faɗi ba. A Nijeriya ma hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben wani maganin ƙwari a kasuwanni a 2019 saboda yawan mutuwar matasa. Duk da haka, wanda ya shiga gidan manomi a Dadin Kowa ko Kumo ko Bajoga a farkon damina zai iya tarar da jarkar maganin ciyawa a ƙarƙashin gado ko a bayan ƙofa, ragowar maganin adana wake a kan taga, wani lokaci ma an juye shi a robar lemo ba takarda a jiki.

Kulle maganin a akwati da kwaɗo yana kare yara ƙanana, amma kada a dogara da shi kaɗai. Wani babban gwaji da aka yi a ƙauyuka 180 na Siri Lanka, aka wallafa a 2017, ya nuna cewa raba wa gidaje akwatunan kullewa bai rage shan guba ba, domin wanda ke cikin gida ya san inda makulli yake. Saboda haka idan akwai wanda ake fargaba a kansa, a fitar da maganin daga gidan gaba ɗaya, a kai wa maƙwabci ko ɗan'uwa amintacce ya ajiye, a riƙa sayen abin da za a fesa a ranar kawai. Haka za a yi da bindigar maharbi ko ɗan banga, da tarin ƙwayoyin asibiti na masu hawan jini da ciwon suga da ke gidan. Mai shagon kayan gona da mai kemis su ma suna da rawar takawa: yarinyar da ta shigo ido jawur tana neman kwalba ɗaya, ba ta san sunan ƙwarin da za ta kashe ba, ba a sayar mata, a zaunar da ita a nemi wani nata.

Idan abin ya riga ya faru

Wanda ya sha guba asibiti ake kai shi nan take, da duk abin hawan da aka samu. Ba a ɗura masa manja, ba a ba shi madara ko ruwan gishiri, ba a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, domin duk waɗannan suna iya tura gubar cikin huhu su kuma cinye lokacin da ake bukata. A cire masa kayan da maganin ya zuba a kai, a wanke fatar da ruwa da sabulu idan hakan ba zai jinkirta tafiya ba, a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi. A ɗauki kwalbar ko jarkar a tafi da ita, saboda takardar jikinta ce za ta nuna wa likita maganin da zai ba shi, kuma ga da yawa daga cikin magungunan ƙwari akwai allurar da ke karya su idan an zo da wuri. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, kada a fasa tafiya, don wasu magungunan ciyawa ba sa nuna illarsu sai bayan kwanaki, lokacin da suka riga suka taɓa huhu da ƙoda. A faɗa wa ma'aikatan lafiya gaskiyar abin da ya faru.

Abin da ke sa iyali ɓoyewa shi ne tsoron hukuma, kuma tsoron yana da tushe. Sashe na 231 na kundin Penal Code da Arewa ta gada ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara ɗaya, ko biyan tara, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. A ganina wannan doka ce da ya kamata a soke, kamar yadda Ghana ta soke irinta a 2023, domin babu marar lafiyar da gidan yari ya taɓa warkarwa, kuma illarta ita ce tana sa a riƙe mutum a ɗaki ana ba shi manja har lokaci ya ƙure. Kafin a kai ga soke ta, mai unguwa ko dagaci zai iya sauƙaƙa lamarin ta hanyar raka iyalin asibiti da kansa da tsaya musu idan magana ta taso.

Magani, addu'a da bibiya

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba ga jama'a fiye da miliyan 200, don haka jiran sai an ga ƙwararre kafin a fara komai ba dabara ba ce. A fara da asibitin matakin farko na gunduma ko babban asibitin ƙaramar hukuma, a nemi takardar turawa zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ga waɗanda Bauchi ta fi musu kusa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri. Ciwon damuwa ciwo ne da ake warkewa. Maganinsa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a ga canji, ana kuma ci gaba da shansa watanni bayan an ji sauƙi, saboda haka kada a yanke shi don an ga mutum ya fara dariya. Wani babba a gida ya riƙe maganin, yana ba shi na kowace rana.

Babu saɓani tsakanin wannan da addu'a. Mai zuwa wurin malami don ruƙiyya ya je, amma kada a ce sai an gama da aljani ko sammu kafin a tafi asibiti, kuma ɗaure marar lafiya da mari ko dukansa zalunci ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta tanadi kare mutuncin irin waɗannan marasa lafiya. Ga limami ko fasto da aka kawo wa mutum, haramcin abin sananne ne, shi ma mai tunanin ya san shi, kuma sau da yawa sanin ne ke ƙara masa jin cewa ya riga ya halaka. Ayar da ta hana kashe kai a Suratun Nisa'i ta rufe ne da cewa Allah Mai jinƙai ne gare ku, kuma wannan ɓangaren ne ya fi bukatar ji a daren da yake cikin ƙunci. A Littafi Mai Tsarki ma, da annabi Iliya ya roƙi mutuwa a jeji, abin da aka fara yi masa shi ne ba shi abinci da barinsa ya yi barci.

Makonnin farko bayan sallama daga asibiti suna cikin lokutan da suka fi haɗari, kuma a daidai lokacin ne 'yan dubiya suke ɗaukewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wani gwaji a ƙasashe biyar, aka wallafa a 2008, inda aka riƙa kiran waɗanda suka yi yunƙuri a waya ko ziyartarsu lokaci-lokaci har wata 18, sai aka samu mace-macen sun ragu sosai a cikinsu idan aka kwatanta da waɗanda aka sallama aka bari. Wannan zumunci ne da muka iya, sai dai a tsara shi: a raba kwanaki tsakanin mutum uku ko huɗu, kowa ya san ranarsa. A zauna da shi a rubuta a takarda abubuwan da ke nuna masa cewa tunanin ya dawo, da abin da zai yi a lokacin, da sunayen mutum uku da zai kira ko da tsakar dare ne. Sannan a taɓa ainihin abin da ya kai shi nan. Idan bashi ne, dattawa su zauna da mai bin bashin a raba biyan ko a nemo zakka. Idan auren dole ne ko duka a gidan miji, mayar da yarinya ɗakin da ta nemi mutuwa don ta kuɓuta daga gare shi, da sunan a rufa asiri, jefa ta ne cikin haɗari karo na biyu.

Idan an yi rashi

Wani lokaci duk da ƙoƙari sai a rasa mutum. Mafi yawan malamai suna kan cewa ana yi wa Musulmin da ya kashe kansa wanka da salla a binne shi cikin Musulmi, kuma a Sahihu Muslim akwai labarin mutumin da ya yi hijira tare da Ɗufailu ɗan Amru, ya ji wa kansa rauni cikin zafin ciwo har ya rasu, Annabi (SAW) ya roƙa masa gafara. Yanke wa mamaci hukunci a wurin zaman makoki ba aikin kowa ba ne. Iyalinsa da abokansa na kusa sun shiga cikin masu haɗari, musamman wanda ya fara ganin gawar da wanda suka yi sa-in-sa da shi a ranar, don haka a ci gaba da leƙa su har bayan sadakar arba'in.

Kada a ɗauki hoto, kada a tura shi a WhatsApp, kada a bayyana yadda aka yi ko sunan abin da aka sha, kada kuma a ce abu kaza ne kaɗai ya jawo, domin an daɗe da tabbatar da cewa irin wannan yaɗawa tana sa wasu matasa masu rauni su kwaikwaya. Wannan ya shafi gidajen rediyo da masu shafukan labarai kamar yadda ya shafi shugaban zauren WhatsApp na unguwa, wanda ya kamata ya goge irin wannan saƙo da zarar ya gan shi. Idan ɗalibi ne, shugaban makaranta ya tara 'yan ajinsu ya gaya musu gaskiya a taƙaice, ya nuna musu malamin da za su iya samu a keɓe.

Duk wannan yana sauƙi idan unguwa ta shirya tun kafin bukata. Jihar Gombe tana da gundumomi 114, kuma a kowace akwai mai unguwa, limami, ungozoma, shugabar mata da ma'aikacin asibitin matakin farko, a wurare da yawa har da fasto. Zama ɗaya ya isa su amince da mace ɗaya da namiji ɗaya masu riƙe sirri waɗanda za a riƙa kai wa irin wannan magana, su san mai motar da za a tasa da dare da yadda za a biya kuɗin mai, su rubuta lambar ma'aikacin lafiya da lambar gaggawa ta ƙasa, 112, a manna a asibiti da shagon mai maganin gona. A maimaita zaman a farkon damina lokacin da maganin feshi ke cika gidaje, da kuma lokacin kaka da ake sayen maganin adana wake, masu bin bashi kuma suke fitowa.